Me kotun ɗaukaka ƙara take dubawa a shari'ar haɗarin mota?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya a kan ƙaninsa, wanda mota ta kaɗe da almuru yana tsallaka titi, ya samu karaya a ƙugu da rauni a ka. Sun shigar da ƙara suna neman diyya, alƙali ya yarda cewa direban ya yi sakaci domin gudun da yake yi ya wuce abin da ya dace da wurin, amma ya ɗora wa ƙanin nasa kashi 60 cikin ɗari na alhakin saboda ya faɗa titi bai duba ba, aka zabtare diyyar daidai da wannan kaso. Lauyansu kuma ya yi sanyi da maganar ɗaukaka ƙara. Yana so ya san ko kotun sama za ta sake sauraron shari'ar daga tushe, da kuma abin da take dogara da shi kafin ta taɓa hukuncin da ya shafi wane ne mai laifi a haɗari.

Malam, Allah ya ba ƙaninka lafiya. Lauyanku yana da dalilin yin taka-tsantsan, sai dai ban ga alamar ƙofa ta rufe muku gaba ɗaya ba. Yawancin misalan da zan kawo daga ƙasashen da tsarin shari'arsu ya samo asali daga na Ingila ne, domin ƙa'idar da ta raba aiki tsakanin kotun farko da kotun sama kusan iri ɗaya ce a cikinsu, ko da yake dokar ƙasar da aka yi shari'a a cikinta ita ce mai magana ta ƙarshe.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne cewa kotun ɗaukaka ƙara ba ta kiran shaidu. Alƙalanta, waɗanda galibi uku ne, suna zama ne da kundin shari'ar a gabansu: rubutaccen bayanin shaidu, rahoton 'yan sanda, zanen wurin haɗari, takardun likita, da hukuncin da alƙalin farko ya rubuta. Ba su ga yadda direban ya yi ta inda-inda ba lokacin da aka matsa masa a kan gudun da yake yi, ba su kuma ji yadda muryar mai shaida ta canza ba da aka nuna masa hoton wurin. Saboda haka suke raba tambayoyi gida biyu. Idan tambayar ta doka ce, wato wace ƙa'ida ce ya kamata a auna direba da ita, ko me wani sashe na dokar hanya yake nufi, to ba sa jin nauyin kowa, za su duba da kansu su gyara. Idan kuwa tambayar ta abin da ya faru ce, wato wa ya shiga hannun wani, mita nawa ne tsakanin motar da mai tafiya a ƙasa, ko fitilar motar tana kunne, to suna barin maganar alƙalin farko yadda take, sai in kuskurensa ya fito fili ƙarara. Mafi yawan shari'un haɗarin mota a gida na biyu suke faɗawa, kuma wannan ne ya sa lauyoyi suke sanyi.

Shari'ar da ta fi fayyace wannan a Kanada ita ma ta haɗarin mota ce, wato ta Housen da Nikolaisen, wadda kotun ƙolin ƙasar ta yanke a 2002. Wani direba da ya sha giya ya kasa shan wata muguwar kwana a hanyar karkara a lardin Saskatchewan, fasinjansa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Alƙaliyar farko ta raba alhakin uku: kashi 50 ga direban, kashi 35 ga ƙaramar hukumar da ba ta kafa allon gargaɗi kafin kwanar ba, kashi 15 ga fasinjan da ya yarda ya shiga motar wanda ya san ya sha. Kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta sake nazarin shaidun, ta wanke ƙaramar hukumar. Kotun ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta mayar da hukuncin farko, ta ce ba aikin kotun sama ba ne ta sake auna shaidu don kawai da ita ce ta zauna da ta ga abin daban. Dole sai ta nuna kuskure bayyananne wanda kuma shi ne ya juya sakamakon shari'ar. Ka lura da sharuɗɗan nan biyu, domin kuskuren da ya bayyana amma bai canza komai ba bai isa ba. A kotunan tarayyar Amurka ma ƙa'idar ita ce ba a rushe abin da alƙali ya gano sai kuskurensa ya tabbata a sarari, kuma inda masu taya alƙali yanke hukunci ne suka yanke, rushewar ta fi haka wuya.

Amma wannan girmamawa tana da iyaka, kuma iyakar ita ce shaidar da ba ta dogara da bakin kowa ba. A Ostireliya, a shari'ar Fox da Percy ta 2003, wata mata a kan doki ta yi karo da wata ƙaramar bas da wata matar ke tuƙawa a kan kwana, kowace ta ce ɗayar ce ta shigo hannunta. Alƙalin farko ya gaskata mai dokin da abokin tafiyarta, ya ba ta diyya. Sai dai ɗan sandan da ya isa wurin ya rubuta a littafinsa cewa sawun birkin motar, mai tsawon kimanin mita 10, gaba ɗayansa yana hannun da ya kamata motar ta kasance. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, kotun ƙolin ƙasar kuma ta goyi bayanta, bisa hujjar cewa gaskata shaida saboda kamalarsa a gaban alƙali ba zai tsaya ba idan ya ci karo da abin da ba ya musantuwa. A yau wannan hujja ta ƙara ƙarfi, tunda kyamarar gaban mota, kyamarar kan titi da na'urar da ke ajiye bayanan gudu da taka birki a cikin motoci da yawa suna bayar da irin shaidar da alƙalin sama zai iya kallo da idonsa kamar yadda na farko ya kalla. Don haka tambayar da za ka fara yi wa lauyanku ita ce ko a cikin kundin akwai wani abu irin wannan da alƙali ya tsallake ko ya yi masa gurguwar fahimta.

Yanzu sai batun da ya fi shafarku, wato rabon kashi 60 da 40. Rabon alhaki ba lissafi ba ne da ke da amsa ɗaya. Alƙali yana duba abubuwa biyu: girman laifin kowane ɓangare, da kuma ƙarfin tasirin abin da kowa ya yi wajen jawo raunin. Alƙalai biyu masu hankali za su iya kallon haɗari ɗaya, wannan ya ce kashi 30, wancan ya ce 40, kuma babu wanda za a ce ya yi kuskure. Shi ya sa wanda ya je kotun sama yana roƙon a rage masa daga 40 zuwa 35 yakan dawo hannu rabbana, da kuɗin lauyoyin ɗaya ɓangaren a wuyansa a ƙasashen da wanda ya faɗi shi ke biya.

Duk da haka akwai shari'u biyu daga Birtaniya da suka yi kama da taku, kuma a dukansu kotun sama ta sa hannu. Ta farko ita ce Eagle da Chambers ta 2003. Wata matashiya tana tafiya da dare a tsakiyar titin mota a garin Great Yarmouth, mutane suna yi mata magana ta ƙi sauka, har mota ta kaɗe ta. Alƙalin farko ya ɗora mata kashi 60, kamar yadda aka yi wa ƙaninka. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, ta bakin mai shari'a Hale, ta mayar da shi 40, tana mai cewa mota abu ce mai iya hallaka mutum, saboda haka nauyin da ke kan mai tuƙa ta ya fi na mai tafiya a ƙasa, kuma da wuya ƙwarai a ce mai tafiya a ƙasa ya fi direba alhaki, sai fa idan ya faɗo gaban motar ne kwatsam. Wannan togiyar ta ƙarshe ita ce lauyan kamfanin inshora zai riƙe a shari'arku, domin a cewarka alƙali ya gano cewa ƙaninka ya shiga titi bai duba ba.

Ta biyu ta taɓa ainihin wannan togiya. A shari'ar Jackson da Murray, wadda kotun ƙolin Birtaniya ta yanke a 2015, wata yarinya 'yar shekara 13 ta sauka daga motar makaranta a wata hanyar karkara a Sikotlan, duhu ya fara shiga, ta fito ta bayan motar ta shiga titi. Direban da ke tahowa ya ga motar makarantar a tsaye da fitilunta na gargaɗi suna walƙiya, amma bai rage gudu ba, yana tafiya a kimanin mil 50 a awa ɗaya a inda doka ta yarda da 60. Ka ga bai karya dokar gudu ba, amma an same shi da sakaci, domin mai hankali da ya ga motar yara a tsaye zai yi tsammanin wani yaro ya iya fitowa. Alƙalin farko ya ɗora wa yarinyar kashi 90. Kotun ɗaukaka ƙara ta Sikotlan ta rage zuwa 70. Kotun ƙoli, alƙalai uku a kan biyu, ta sake ragewa zuwa 50, kuma mai shari'a Reed ya bayyana ma'aunin da ake bi: kotun sama za ta taɓa rabon alhaki ne kawai idan ya fita daga da'irar da masu hankali za su iya saɓawa a cikinta. A ganina abin lura a nan shi ne cewa matakan kotu uku sun ba da lambobi uku a kan hujjoji iri ɗaya, kuma a matakin ƙarshe ma alƙalai biyu suna ganin a bar 70 ɗin. Wanda ya ce maka ya san abin da kotun sama za ta yi da kashi 60 na ƙaninka, ya faɗi fiye da abin da ya sani. Abin da za a iya cewa shi ne tsallake layin rabi, wato a ce mai tafiya a ƙasa ya fi direba mai gudu alhaki, abu ne da waɗannan kotuna suke buƙatar a kawo masa dalili mai ƙarfi, kuma idan alƙalinku bai rubuta dalilin ba, ko bai ambaci bambancin haɗarin da mota da ɗan Adam suke ɗauke da shi ba, to akwai abin kamawa. Shekarun ƙaninka ma suna da muhimmanci, domin ba a auna yaro da ma'aunin babba.

Inda ɗaukaka ƙara ta fi cin nasara shi ne inda aka yi amfani da ma'aunin doka da bai dace ba, kuma yawancin ƙa'idojin da ake bi yau a shari'ar haɗari daga irin waɗannan hukunce-hukunce suka fito. A 1971, a shari'ar Nettleship da Weston, wata mai koyon tuƙi a darasinta na uku ta kasa daidaita sitiyari bayan ta sha kwana, ta daki turken fitilar titi, mai koya mata ya karye a gwiwa. Alƙalin farko ya kori ƙarar. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, ƙarƙashin mai shari'a Denning, ta ce ɗan koyo ma da ma'aunin ƙwararren direba mai kula ake auna shi, iya ƙoƙarinsa ba uzuri ba ne, ko da yake an raba alhakin biyu tsakaninta da mai koyarwar. Hukuncin yana da tsauri a kan ɗan koyo, amma Denning bai ɓoye cewa inshorar dole ce ta sa ake iya ɗaukarsa ba, tunda kamfani ne zai biya. A gefe guda kuma, kotun nan ɗin dai a 1997 ta wanke wani direban babbar mota a shari'ar Mansfield da Weetabix, wanda wata cuta da bai san yana da ita ba ta sa sukarin jininsa ya faɗi, hankalinsa ya dushe a hankali har ya afka wa wani shago. Da ya san da cutar ya ci gaba da tuƙi, da hukuncin ya bambanta.

Uzurin da direbobi suka fi kawowa shi ne na abin da ya zo ba zato, kuma kotu mafi girma a jihar Niyok ta Amurka ta taƙaita shi sosai. A shari'ar Caristo da Sanzone ta 2001, direban da motarsa ta zame a kan ƙanƙara a gangare ta wuce allon tsayawa ya ce abin gaggawa ne ya same shi; kotu ta ce wanda ya shafe sa'o'i yana ganin yanayi yana lalacewa ba zai kira ƙanƙara abin mamaki ba, ta umarci a sake shari'ar saboda an yi wa masu taya alƙali bayanin da bai dace ba. Bayan shekara goma, a shari'ar Lifson ta 2011, ta faɗi irin wannan ga direban da ya ce hasken rana ne ya kashe masa ido da yamma lokacin da ya juya ya fuskanci yamma, ya kaɗe wata mata: faɗuwar rana a yamma abu ne da kowa ya sani. Idan direban da ya kaɗe ƙaninka ya fake da duhun almuru, wannan tunani ne zai yi aiki a kansa, domin ƙarancin haske dalili ne na rage gudu.

Karya dokar hanya kuma wani babi ne. Tun 1920, a shari'ar Martin da Herzog a wannan kotu ta Niyok, mai shari'a Cardozo ya ce tafiya da keken doki da dare ba fitila, alhali doka ta wajabta, sakaci ne a karan kansa, amma ya ƙara da cewa sai an nuna rashin fitilar ne ya taimaka wajen jawo karon. A Ingila kuwa saɓa wa littafin ƙa'idojin hanya hujja ce da za a iya dogara da ita, ba ta yanke magana ita kaɗai. Haka zancen bel ɗin kujera: a shari'ar Froom da Butcher ta 1975, tun kafin doka ta tilasta ɗaura shi a Birtaniya a 1983, kotun ɗaukaka ƙara ta tsara cewa a rage kashi 25 idan bel ɗin zai hana raunin gaba ɗaya, kashi 15 idan zai sassauta shi, kada a rage komai idan ba zai canza komai ba. Wannan yana daga cikin wurare kaɗan da kotun sama ta ba da lamba tsayayya, kuma ta yi hakan ne don kada a riƙa ɓata kwanaki ana jayayya a kan abu ɗaya a kowace shari'a.

Ya kamata ka san cewa ragin da aka yi muku, duk da zafinsa, sassauci ne idan aka kwatanta da tsohuwar ƙa'ida. Tun daga shari'ar Butterfield da Forrester ta 1809, wanda ya ba da gudummawa ko kaɗan ga haɗarin da ya same shi ba ya samun komai. Birtaniya ta sauya wannan da doka a 1945, a Amurka kuma wasu jihohi kotunansu ne suka sauya, kamar Fulorida a 1973 da Kalifoniya a 1975 a shari'ar Li da Yellow Cab. Har yanzu jihohin Alabama, Maryland, North Carolina da Virginia suna kan tsohuwar ƙa'idar. Jihohi da dama kuma sun tsaya a tsakiya, wasu suna hana diyya ga wanda laifinsa ya kai rabi, wasu kuma sai laifin ya haura rabi, kuma Fulorida kanta ta koma wannan tsari na biyu a 2023. A inda ake bin tsari na biyun, bambancin kashi 60 da 50 yana iya zama bambanci tsakanin samun rabin diyya da tashi a tutar babu. Faransa ta bi wata hanya dabam tun dokar 1985, inda mai tafiya a ƙasa yake samun diyyar raunin jikinsa ko da ya yi sakaci, sai idan laifinsa ya kai wanda ba shi da uzuri kuma shi kaɗai ne sanadin haɗarin.

Idan kun yanke shawarar ci gaba, kada ku sa rai da kawo sabon shaida. Ƙa'idar da aka kafa a shari'ar Ladd da Marshall ta 1954, wadda kotuna da yawa suke bi, ita ce ba a karɓar sabuwar shaida a matakin ɗaukaka ƙara sai an nuna cewa ba a iya samunta ba a lokacin shari'a duk da an yi ƙoƙari, cewa za ta yi tasiri mai muhimmanci, kuma cewa abin gaskatawa ce. Mai shagon da ya ga haɗarin amma ba a neme shi ba tun farko, da wuya ya shiga ta wannan ƙofa. Hujjar da lauyanku bai tayar a gaban alƙalin farko ba, ita ma galibi ba a sauraronta a sama.

Lokaci kuma gajere ne. A Ingila kwana 21 ne daga ranar hukunci, kuma sai an nemi izinin ɗaukaka ƙarar. A kotunan tarayyar Amurka kwana 30 ne a yawancin shari'un da ba na laifi ba. Ka tambayi lauyanku ranar da wa'adinku zai cika kafin ka tambaye shi komai. Sannan ku zauna ku yi lissafi da alƙalami: idan aka mayar da kason ƙaninka daga 60 zuwa 40, abin da zai karɓa zai tashi daga kashi 40 zuwa 60 na cikakkiyar diyya, wato ƙarin rabin abin da ke hannunsa yanzu, sai ku auna wannan da kuɗin shari'a, da jinkirin shekara ɗaya ko fiye, da yiwuwar ɗaya ɓangaren shi ma ya ɗaukaka tasa ƙarar yana neman a wanke direban ko a rage adadin diyyar. Sau da yawa shigar da takardar ɗaukaka ƙara mai hujja ɗaya ko biyu masu ƙarfi takan sa kamfanin inshora ya nemi sulhu a wani kaso na tsakiya kafin ranar zama, kuma ba laifi ba ne ku nemi wani lauya dabam, wanda ya saba da kotun sama, ya karanta rubutaccen hukuncin ya ba ku ra'ayinsa kafin wa'adin ya ƙare.